Muryar Baba a Ƙirjin Roba

Asibitin farko da na shiga a Malesiya gado goma sha biyu ne a cikinsa, kowanne da majinyaci a kai, amma babu mai rai ko ɗaya. Ban san haka ba sai da na gama gaishe su.

Kafin nan sai da na sha wuyar filin jirgi. Mutumin da ya yi mini hanya daga Kano, wanda kowa ke kira Alhajin Biza, ya rantse mini cewa akwai mai tarbata da sunana a rubuce a kwali, akwai ɗaki, akwai karatun jinya mai zurfi yana jirana. Na tsaya a bakin ƙofar fita tun hantsi har la'asar ina karanta sunayen mutane, babu Mannir. Lambar da ya ba ni tana shiga ba a ɗauka. Adireshin masaukin kuwa, da na lallaɓa na kai kaina, shagon gyaran waya ne. Kwana uku na yi a barandar wani masallaci, ladanin yana ajiye mini shinkafa a ƙunshin ganye ba tare da ya tambaye ni komai ba, don ba ma jin yaren juna. Abu guda ne ya zama gaskiya a takardun Alhaji: cibiyar da ta ɗauke ni tana nan, kuma sunana yana cikin jerinsu.

Ni mutumin Kaikai ne, a ƙasar Kusada. Na yi karatun aikin lafiya a Kankiya, na yi shekara huɗu ina allura da wankin ciwo a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Mahaifina, Malam Ɗayyabu, manomi ne mai karantar da yara da safe, kuma shanun huɗarsa ya sayar aka yi mini kuɗin jirgi. Na bar shi ƙafafunsa sun kumbura har takalminsa ba ya shiga, sai dai ya taka bayansa. Na ce a je asibiti, ya ce da sauƙi. Na yi wa kaina alkawarin wata tara kawai zan yi, in dawo da ilimin da zan tsaya a kansa da kaina. Wannan ƙafar tana raina tun daga ranar da na sauka.

Ranar Litinin a cibiyar aka nuna mini hawa na uku, aka ce in jira a ɗakin majinyata. Na tura ƙofa, sanyin na'ura ya doke ni. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne shirun wurin. Babu ɗan jinya ko ɗaya, babu tabarma a ƙasa, babu kwanon tuwo ko filas a ƙarƙashin gado. Ko warin asibiti babu, wurin ƙamshin sabon takalmin roba yake yi. Duk da haka tarbiyya ba ta bar ni ba. Na yi sallama, na bi gadajen ɗaya bayan ɗaya ina cewa sannu, Allah ya ƙara sauƙi. A gado na ƙarshe wani tsoho ne baƙi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Da na sunkuya sai ya ƙifta ido, ya yi nishi. Na kama hannunsa in ba shi haƙuri. Hannun sanyi ƙalau, santsi kamar bayan buta, amma a ƙarƙashin yatsana jini yana bugawa.

Ban san lokacin da na kai bakin ƙofa ba. Can na yi karo da wani Ba'indiye mai furfura yana dariya har da riƙe ciki. Sunansa Raju, shi ne babban ma'aikacin na'urorin wurin, kuma ta bayan wani baƙin gilashi ya yi ta kallona ina gaisuwa. Shi ya yi mini bayani. Waɗannan mutum-mutumi ne da ɗaliban likitanci da na jinya ke koyon aiki a kansu kafin a bar su su taɓa mai rai. Suna numfashi, suna zufa, leɓensu yana yin shuɗi, zuciyarsu tana tsayawa. Duk wani ne ke sa su daga kwamfuta a bayan gilashin nan, kuma wannan wanin shi aka kawo ni in zama. Wato na ƙetare teku, Baba ya rabu da shanunsa, don in yi jinyar roba.

Na so in koma gida a makon. Raju ne ya hana ni. Ya samo mini kwana a ɗakin wani ɗan'uwansa, ya riƙa raba abincinsa biyu, yana cire mini abin da ya san ba na ci tun kafin in yi magana. Sannan ya kai ni ɗakin ajiya, inda har yau nake mafarkinsa. Akwai durowa guda ta fuskoki, an jera su kamar faifai, na maza da na mata, kowace baki a ɗan buɗe. Akwai ta hannuwa, akwai ta fatar ƙirji. Jarirai suna saman kanta cikin jaka mai zif. Na koyi cire fuska in sa wata, na koyi ɗura jan ruwa a jijiyar roba, na koyi canza huhu. Idan an kashe musu wuta bayan an tashi aiki, iskar da ta rage a ƙirjinsu takan fita a hankali, su goma sha biyun, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a gefen mai cikawa ya san wannan sautin.

Wani abu kuma na kasa bari. In ɗalibai suka yi kuskure majinyacin ya mutu a hannunsu, aka watse, sai in tsinci kaina na shafe idonsa, na ja mayafi na rufe fuskarsa, bakina yana innalillahi. Raju ya yi mini tsiya har ya gaji, ya ce wannan gawar anjima ƙarfe biyu za ta tashi ta sake ciwon zuciya. Bayan wata guda na lura shi ma ya fara ja musu mayafin, yana yi yana waige ko na gani.

Ban taɓa gaya wa Baba gaskiyar aikina ba. Malami ne, na san sunan da zai kira waɗannan abubuwan da shi, kuma ba na son in ji kalmar gunki a bakinsa. Tsakaninmu awa bakwai ne, don haka lokacin da yake sallamar yara da safe ni na idar da azahar. Yayana, Yaya Sale, shi ke riƙe masa waya ya yi mini saƙon murya, kusan kullum. Yakan ba ni labarin ruwa, da gero, da wanda aka haifa a gari, sannan ya tambayi marasa lafiyata, ya ce in gaishe su, yana sa su a addu'a. Ni kuma in amsa da amin, in ce suna godiya. Ƙarshen kowane saƙo iri ɗaya ne.

"Ni ko jiki da sauƙi, Manniru, alhamdu lillahi. Kak ka sa ma ranka komi."

In na ji haka sai hankalina ya kwanta, in mayar da wayar aljihu. Kewar gida takan kama ni ne da la'asar, lokacin da ruwan garin ke sauka kullum kamar an yi masa alkawari, in tsaya a taga ina tuna ƙamshin ƙasarmu in ta sha ruwan fari. A irin wannan lokacin nakan sake kunna saƙonnin nan, ba don labarin ba, don muryar kawai.

A wata na uku aka zaunar da ni a bayan gilashi. Aikin hannu biyu ne da baki. Hannu yana kan kwamfuta yana rage iskar jini, yana ƙara bugun zuciya, baki kuma yana kan makirufo, don duk abin da na faɗa ta bakin majinyacin yake fita. Shugabar horon wata likita ce, Dakta Lim, 'yar siririya mai gilashin ido, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ta ba ni takardar wani tsoho mai ciwon zuciya wanda ruwa ke taruwa a huhunsa. Tsohon nan baƙi na gadon ƙarshe aka shimfiɗa. Ɗalibai huɗu suka shigo, babbarsu ta sunkuya ta tambaye shi yaya yake ji.

Ni dai na san takarda ta ce in yi kukan numfashi ya gagare ni. Amma an tambayi tsoho ya jiki, kuma bakin Bahaushe ne a kan makirufo. Kafin in yi tunani na ji kaina na ce, da Turanci, na ji sauƙi, na gode wa Allah. Ɗaliban suka yi murmushi, suka koma rubuce-rubucensu. Ni kuma hannuna ya ci gaba da bin takarda yana saukar da lambobi. Cikin minti shida tsohon ya mutu suna tsaye a kansa.

Dakta Lim ta kira ni ofis. Ta tambaye ni wane irin majinyaci ne zai ce ya ji sauƙi yana shaƙewa. Na ce duk majinyatan garinmu. Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa a wurinmu da sauƙi ba rahoto ba ne, ladabi ne. Mutum ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mai gaisuwa, kuma ba ya ɗora wa wanda ya zo duba shi nauyi. Na ce na ga wanda ya faɗe ta da safe aka yi masa sutura da azahar. Ta dube ni ta saman gilashinta, ta ce abin sha'awa ne, amma a ɗakinta takarda ake bi. Na fita ina jin haushinta, ina kuma jin daɗin kaina, wai na wayar da likita a kan al'adarmu.

Daga ranar na ƙudura sai na zama gwanin tsohon nan. Matsalata ita ce in na yi nishi, nishin wasan kwaikwayo yake fita, har Raju ya ce kamar akuya ake yankawa. Sai na tuna ina da muryar tsoho a aljihuna. Na riƙa sa abin kunne ina sauraren saƙonnin Baba, ina kwaikwayon yadda yake jan magana, inda yake tsayawa, ɗan tarin da yake yi kafin ya ci gaba. Duk sabon saƙo da ya shigo sai in ɗauki wani abu a ciki. Wata rana ya ce yanzu a zaune yake barci, jingine da bango, ya fi masa daɗi. Na ce wannan magana ta yi kyau, na sa ta a bakin tsohon roba washegari.

Abin ya karɓe ni fiye da yadda na zata. Ɗalibai suka fara tsoron gadon ƙarshe. Wata ta fita da kuka, wani ya ce ya yi mafarkin tsohon. Ni kaina wani lokaci in na yi magana, na ji ta ta fito daga wancan ɓangaren gilashin, daga bakin da ba ya motsi, sai tsigar jikina ta tashi, don ba muryata nake ji ba. Raju ya daina zama kusa da ni in ana wannan darasin. Ya ce ba ya son yadda nake komawa wani mutum.

Saura mako biyu jarrabawarmu ta ƙarshe, wadda in ka ci ake ba ka takardar shaida, muka yi darasin tsohon da wasu likitoci baƙi. Da aka tashi Dakta Lim ta shigo ɗakin gilashi da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce a shekarunta na aikin nan ba ta ga wanda ya kama numfashin mai wannan ciwon kamar ni ba, kalma uku a tsaya, kalma biyu a tsaya, da ɗan ƙarar ruwan nan a ƙasan murya. Ta tambayi a wane asibiti na koya. Kaina ya kumbura. Na ce ba a asibiti ba ne, na ciro waya na kunna mata saƙon da ya shigo ranar.

Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta saurara, ta ce in sake kunnawa. A karo na biyu na ga tana kallon agogon hannunta, leɓenta yana motsi. Ƙirga take yi.

"Wane ne wannan?" ta tambaye ni.

Na ce mahaifina ne.

"Yaushe ya yi maganar?"

Na ce ɗazu, bai fi awa biyu ba.

"Me yake cewa a ƙarshen nan?"

Da ƙyar na ce mata yana cewa ya ji sauƙi.

Ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur. Ta ce mutumin nan huhunsa ya cika da ruwa, kuma in ɗalibinta ne ya bar shi a gida har gobe, da ta kayar da shi. Ba ta tuna mini da wayarwar da na yi mata ba. Da ma ta tuna mini, da ya fi mini sauƙi.

Na zauna na jawo saƙonnin baya. A watan farko Baba yana karanto mini aya guda da numfashi ɗaya. A wata na huɗu yana raba jimla biyu. A na bakwai ko sunana sai ya huta kafin ya ɗora wani abu a kai. Duk yana nan a jere, tsaf kamar takardar darasi. Wata takwas ina sauraren mahaifina yana nutsewa da kunnen mai koyon sana'a, na kwashe kowane nishi na kai wa roba, aka yaba mini. Kalma biyu kawai na yarda da su a ciki, kuma su ne kaɗai ba gaskiya ba. Ni da na tsaya a ofis ina koya wa baƙuwa ma'anarsu.

Na kira Yaya Sale, yana gona ana yankan gero. Na ce ya ajiye komai ya sami mota a kai Baba Kankiya yanzu.

"Kai Mannir, mi ya yi zahi haka? Shi da bakinshi ya ce da sauƙi. Bari mu kammala wanga yanki, jibi in Allah ya kai mu sai a tahi."

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce ya je ya zauna kusa da shi ya ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya, ya kira ni. Da ya sake kira muryarsa ta canza. Ya faɗi adadin, na san shi, don shi nake dannawa a minti na biyar na darasin tsoho. Kafin la'asar ɗinsu suna asibiti, an sa masa iska, an yi masa allurar fitar da ruwa.

Dakta Lim ta ce ba ta da ikon ɗage mini jarrabawa, sai wata shekara in na dawo. Na ce na ji. Raju ya raka ni filin jirgi, ya cusa mini ƙunshin abinci a jaka, ya ce zai riƙa rufe musu fuska har in dawo. Jirgin da na samu sai da ya yini da ni a wata ƙasa kafin ya wuce. A can na sami Baba a waya, na ce ga ni nan tafe, na ce ya yafe mini, akwai abin da ban gaya masa ba game da aikina. Ya ce in bari sai na iso. Na tambaye shi jiki. Ya ba ni amsar da ya saba.

Yaya Sale ne ya tarbe ni a Kano da hantsi. Ya karɓi jakata, ya yi mini barka da hanya, bai dubi idona ba. Na ce ya jikin Baba.

"Da sauƙi," in ji shi. "Mu dai tahi gida."

Gida ya ce, bai ce asibiti ba. Haka ake yi wa matafiyi a wurinmu, ba a faɗa masa a hanya. Na san haka, shi ma ya san na sani, muka zauna kafaɗa da kafaɗa a mota muna kallon gero a tsaye a gonaki. Da muka shiga Kaikai na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, da takalman mutane a jere. An kai shi tun jiya da la'asar, ina hanya.

Ban koma Malesiya ba sai bayan shekara, na zauna jarrabawar na karɓo takardata. Yanzu ina aiki a wata ƙaramar cibiyar horo a Kankiya. Mutum-mutuminmu ɗaya ne tak, an saye shi na hannu, idonsa na hagu ba ya ƙiftawa, kuma labule ne ya raba ni da ɗalibai maimakon gilashi. Takardar darasin tsoho kuwa ni na rubuta ta, kuma a cikinta in an tambaye shi jiki, da sauƙi yake cewa. Yawancin ɗaliban 'ya'yan Kusada ne da Fakuwa da Kafin Soli, sun girma da kalmar nan a kunnensu. Sukan ce Allah ya ƙara sauƙi, Baba, su juya ga takardunsu. Ni kuma in bi lambobi ƙasa har ya cika a gabansu, in fito in rufe masa fuska, sannan mu zauna mu yi magana. Ba na jin daɗin yin haka, kuma ban taɓa fasawa ba.

A zangon da ya wuce wata ɗaliba mai suna Rabi, 'yar Fakuwa, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta tsaya a kansa ta gaishe shi. Na matso da makirufo, na ja numfashi irin na watan takwas, na ce mata jiki da sauƙi, alhamdu lillahi, kar ta sa wa ranta komai. Sannan ta ajiye takardarta a gefen gado, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, ta ɗaga agogonta.

"Na ji, Baba," ta ce. "Amma yi hanƙuri in ƙirga."

Ta ɗaga shi zaune, ta ce a kawo iska, ta kira sunan allurar. A bayan labule na kama linzamin kwamfutar. Na mayar da lambobin sama ɗaya bayan ɗaya. Ranar Baba ya tashi.